Kwal ɗin Inugu da Jan Ruwan Ekulu

A wannan mako kudu muka gangara, can Inugu a ƙasar Ibo. Kada wani ya ce ina ruwan makiyayi ko ɗan kasuwar kan iyaka da Inugu. Ai jirgin ƙasan da ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu da shanun kakanninku daga Nguru da Ƙauran Namoda, kwal ɗin garin nan ake zuba masa ya yi tafiya.

A 1909 wani Bature mai binciken ma'adinai, Albert Kitson, ya gano kwal a tsaunukan Udi. Zuwa 1916 an shimfiɗa layin dogo daga nan har Fatakwal, don a riƙa fitar da shi ta teku. Aka yi ta buɗe ramuka: Iva Valley, Ogbete, daga baya Onyeama da Okpara. A Iva Valley ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 masu neman haƙƙinsu, ranar 18 ga Nuwamba, 1949. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya haura tan 900,000 a shekara. Daga nan jiragen ƙasa suka koma shan man dizal, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ruwa ya cika ramuka, harkar ba ta sake miƙewa ba.

To, littattafan makaranta a nan suke tsayawa. Ruwa kuwa bai tsaya ba.

Ga yadda abin yake. A jikin kwal da duwatsun da ke kewaye da shi akwai wani ma'adini mai haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, lafiya lau. Da zarar an haƙo shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da ruwa mai tsami, dangin ruwan batir. Wannan ruwan yakan narkar da ƙarfe da sanholo daga duwatsu, ya gangara da su rafi. Kogin Ekulu, mafi girma cikin kogunan Inugu, yana karɓar irin wannan ruwa daga tsohon ramin Onyeama. Idan ya gauraya da ruwan kogi, ƙarfen sai ya kwanta a ƙasa kamar tsatsa, jawur, ya lulluɓe duwatsu da yashi. Rufe ramin ba ya tsayar da shi. A Ingila da Amurka akwai ramukan da aka bari fiye da shekara ɗari, har yau suna tsiyayar da jan ruwa.

Kifi fa? Masana suna da ma'aunin tsamin ruwa: 7 shi ne tsaka-tsaki, idan ya sauko ƙasa da 5 yawancin kifaye ba sa iya hayayyafa. Ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa, tsatsar nan ta binne ƙwarin ruwan da 'ya'yan kifi ke ci, sanholon kuma ya toshe wurin shaƙar numfashin da ke gefen kan kifi. Kuma ba lokaci ɗaya suke ƙarewa ba. Masu son ruwa garai da masu yin ƙwai a tsakuwa su ke fara ɓacewa. Tarwaɗa, da yake tana iya leƙowa ta shaƙi iska, takan daɗe tana jurewa. Shi ya sa, a ganina, cikar kwandon masunci ba hujja ba ce. Kogin da ya saba ba da kifi iri-iri, karfasa da ƙurungu da ƙawara, idan ya koma tarwaɗa zalla, ai ya talauce ko da kwando ya cika. Kamar garke ne a ce saura bijimai kawai.

Ku da kuke gangarawa kudu da rani, ga abin lura a mashaya: duwatsu masu jan tsatsa, ko farin abu kamar alli a gefen ruwa, ruwa ya yi garai fiye da kima amma ba kwaɗo ba ɗan kifi, ba ma gansakuka. Irin wannan tsabtar ba ta alheri ba ce, a kora dabbobi gaba.

Kwal ɗin kuma ya matso kusa da mu. A Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko a jihar Gombe ana haƙar shi a buɗaɗɗen rami don masana'antar siminti ta Ashaka, a yankin da manoma da makiyaya ke shan ruwan rafuka ɗaya. A Nijar, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙar na Anu Araren kusa da Cirozerin, yana ba Agadas da mahaƙan yuraniyam na Arlit wutar lantarki. Can dai hamada ce, ba kogin kifi, sai rijiyoyin da raƙuma ke sha. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, can za mu nufa.