Ilimin shimi: me ke saura a kan ɗalibi bayan ya ci bak?

Sanin shimi, wato ilimin sinadarai, ba haddar sunaye da alamomi ba ne. Abin da masana ke nufi shi ne mutum ya iya karanta rubutun da ke jikin buhu ko kwalba, ya gane abin da ke ciki, ya auna, ya san haɗarinsa.

A Nijar ana koyar da shimi haɗe da fizik a darasi guda, daga kwaleji zuwa lise. Bayan jarrabawar BEPC hanya ke rabuwa: ƴan siri C da D suna ci gaba da ita har bak, ƴan siri A kuwa sai su yi nesa da ita. Ɗan Madaoua, Bouza ko Keita da ya shiga sashen shari'a ko tattalin arziki a jami'ar Tahoua, wadda aka buɗe a 2010, yana iya gama karatunsa bai sake jin sunan shimi ba.

Mantuwar tana da tsari. A 1984 Ba'amurke Harry Bahrick ya bi diddigin mutanen da suka koyi Sifaniyanci a makaranta, ya ga ilimin yana zubewa a shekaru uku zuwa shida na farko, sannan ragowar ta tsaya cak shekaru da dama. Harshe ya auna, ba shimi ba, amma darasin ɗaya ne: abin da aka koya sosai, aka maimaita, shi ke zama. Haddar daren jarrabawa ita ce ta farkon tafiya.

A wannan yanki gwajin gaskiya yana cikin garka. Manomin albasa a kwarin Tarka kan miƙa wa ɗansa ɗan jami'a buhun taki ya ce a karanta masa. Ure na ɗauke da azot kashi 46 cikin ɗari, ke nan buhu mai kilo 50 na da kilo 23. Buhun 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi kacal gare shi, sai dai ya ƙara da fosfor da fotas. Idan aka watsa ure bisa ƙasa cikin zafi ba a rufe ba, ba a bi shi da ruwa ba, wani ɓangare na azot ɗin kan tashi iska, kuɗin manomi na bin sa. Lissafin bai wuce na ajin kwaleji ba.

Haka ruwan jabel a gida: in aka gauraya shi da abu mai asid, yana fitar da iskar kulor mai ƙona huhu.