Tarihin Kula da Matasa a Farkon Ciwon Taɓin Hankali

Ciwon da ake magana a kansa a wannan maƙala shi ne wanda kan sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu mai su, ko ya ƙudurta a ransa cewa ana farautarsa alhali babu mai bin sa, ko zancensa ya warwatse har a kasa kama bakin zarensa. Galibi yakan fara bayyana ne tsakanin ƙarshen shekarun balaga da wajen shekara 30, watau daidai lokacin da saurayi ko budurwa ke ƙoƙarin gama karatu, ko koyon sana'a, ko yin aure. Duk da haka, sai a ƙarshen ƙarni na 20 likitoci suka keɓe wa matasa masu wannan larura kulawa ta musamman. Wannan jinkiri kuwa yana da nasaba da sunan da aka fara raɗa wa ciwon.

A shekarar 1899 likitan nan Bajamushe, Emil Kraepelin, ya rarrabe manyan cututtukan hankali gida biyu, ya kira ɗaya daga ciki da kalmomin Latin dementia praecox, ma'ana lalacewar hankali tun da ƙuruciya. Sunan da kansa hukunci ne, domin yana nuna cewa wanda ya kamu sai dai ya yi ta ja da baya. Kraepelin ya gina ra'ayinsa bisa marasa lafiyar da suka daɗe a tsare, waɗanda kuwa suka sami sauƙi suka koma gida ba su cika shiga lissafinsa ba. A 1908 Eugen Bleuler na Siwizalan ya kawo sabon suna, sikizofireniya, ya kuma nuna cewa ba kowa ne ke lalacewa ba. Suna ya sake, amma ɗebe tsammanin bai gushe ba. Likitan da ya riga ya yarda cewa ƙarshen abu ɗaya ne, ba shi da dalilin yin gaggawa a farkonsa.

Samun maganin kuloforomazin a birnin Faris a 1952 ya sa aka fara sallamar mutane da yawa daga asibitoci. Daga nan ne hankalin masu bincike ya koma kan gida. George Brown, wani masanin zamantakewa a Landan, ya lura cewa ciwon ya fi saurin komowa ga waɗanda suka koma gidajen da ake yawan kushe su, ko ake tsananta musu kulawa har a hana su sakat. Binciken da ya buga tare da abokan aikinsa a 1972 ya ƙarfafa wannan, sa'an nan a farkon shekarun 1980 Julian Leff ya gwada zama da iyalai ana bayyana musu yanayin ciwon da hanyar zama da mai shi, aka ga komowar ciwon ta ragu ƙwarai. A nan ya kamata a tuna cewa tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya riga ya sa dangi cikin jiyya a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane da ɗan'uwansa mai kula da shi. Daga baya nazarin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Ibadan na cikin cibiyoyinsa tara, ya ba da rahoton cewa marasa lafiyar Ibadan sun fi na Turai samun sauƙi. An daɗe ana kafa hujja da wannan, har a 2008 wasu masana, ciki har da Oye Gureje na Jami'ar Ibadan, suka nuna cewa hujjar ba ta kai ƙarfin da ake zato ba.

Abin da ya fi girgiza tsohon ra'ayi shi ne batun lokaci. A 1986 masu bincike a asibitin Northwick Park na Landan suka bi diddigin waɗanda ciwon ya kama karo na farko, suka tarar cewa da yawansu sun haura shekara guda ba magani, wasu ma bayan iyayensu sun yi ta kai da kawo wajen neman taimako. Waɗanda suka fi daɗewa haka su ne ciwon ya fi komo musu. Ashe ke nan wani kaso na lalacewar da aka ɗora wa ciwon, aikin jinkiri ne. A cikin wannan shekara guda yaro ya bar makaranta, abokai sun watse, wataƙila an kai shi asibiti da 'yan sanda, ya kuma tsani duk wanda ya sa farar riga.

A kan wannan fahimta Patrick McGorry da abokan aikinsa suka buɗe cibiyar EPPIC a birnin Malbon na Ostireliya a 1992. Tsarinta shi ne a je wa matashi har gida in ya yiwu, a ba shi magani kaɗan gwargwadon buƙata, a haɗa shi da ma'aikaci guda wanda zai san shi, a zauna da iyayensa, a kuma yi ƙoƙarin mai da shi makaranta ko wurin aiki. Jiyya ta hanyar tattaunawa ta sami gurbi babba a nan, domin tambayar da ke cin ran saurayi ɗan shekara 19 ita ce ko shi ke nan ya zama mahaukaci a idon jama'a, kuma ƙwaya ba ta amsa wannan tambaya. A ƙasar Nowe kuwa, daga 1997, shirin TIPS ya yi amfani da jaridu da makarantu wajen sanar da jama'a alamun farko, har matsakaicin jinkiri ya zama mako 5 a yankunan da aka yi yekuwar, alhali mako 16 ne a inda ba a yi ba. Ingila ta kafa ƙa'ida a 2016 cewa fiye da rabin sababbin masu ciwon su fara samun kulawa cikin mako biyu.

Sai dai al'amarin bai rasa gardama ba. A 1994 ƙungiyar Malbon ta buɗe wani sashe ƙarƙashin Alison Yung domin matasan da ake jin suna dab da kamuwa. Nazarin farko ya nuna kimanin kashi 40 cikin 100 sun kamu cikin shekara guda, amma nazarce-nazarcen baya sun sami adadi ƙasa da haka. Mafi yawansu dai ba sa kamuwa, saboda haka liƙa musu suna ko ba su magani mai nauyi na iya zama cutarwa. Wannan ya sa a 2013 kundin cututtukan hankali na likitocin Amurka ya ajiye matsalar cikin abubuwan da ke buƙatar ƙarin bincike.

Gwajin da ya fi tsanani shi ne na OPUS a ƙasar Danmak, wanda aka fara a 1998 da mutum 547, aka raba su biyu, wasu a sabon tsari na shekara biyu, wasu a tsarin da aka saba. A ƙarshen shekara biyun na sabon tsari sun fi samun sauƙi. Da aka sake duba su bayan shekara biyar da farawa, watau shekara uku da komawarsu asibitocin yau da kullum, bambancin alamun ciwo ya ɓace, ko da yake sun fi sauran zama a gidajen kansu, kwanakinsu a gadon asibiti kuma sun fi kaɗan.