Ma'aunin Ruwan Sama da Tarihin Fari a Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da hanyoyinsa na lura da damina. Malaman hisabi suna lissafin taurari don sanin lokacin shuka, manomi kuwa yakan tona ƙasa bayan ruwan farko ya duba zurfin laima kafin ya zuba iri. Sai dai wannan sani bai bar adadi a rubuce ba. Abin da akan riƙe shi ne sunan da aka laƙaba wa shekarar wahala.

Rubuta adadin ruwa kullum ya soma ne a shekarar 1905 a Kano, haka kuma a Yamai da Damagaram. Ma'aunin da Ingilishi suka kawo ba wani abu ba ne illa gwangwani da mazurari mai faɗin baki inci 5, da kwalba a ciki. Kowace safiya ma'aikaci yakan juye abin da ya taru a kofin gilashi mai zane, ya shigar da adadin a littafi.

Ba a daɗe ba amfanin littafin ya bayyana. A 1913 ruwan da aka auna a Kano bai kai inci 20 ba, alhali kuwa an saba samun fiye da inci 30. Yunwar da ta biyo baya a 1914 ita ce ake kira Kakalaba. A nan ruwayar baka da alƙaluma suka gaskata juna.

Da fari ya sake aukuwa a 1972 da 1973, sa'an nan a 1984, waɗannan littattafai manazarta suka koma wa. Sun nuna cewa shekarun 1950 sun yi ruwa fiye da ƙima, watau damunar da dattawa suke kewa ba ita ce ta kullum ba, kuma farin ba baƙo ba ne a ƙasar.

Darajar irin wannan lissafi tana ga ɗorewarsa, domin safiyar da ba a auna ba ta wuce ke nan. Saboda haka adana tsofaffin littattafan awo, da tattara sunayen shekarun yunwa daga bakin dattawa tun suna raye, aiki ɗaya ne da ke jiran masu nazarin tarihi da harshe.