Yadda ake zuwa dalar Meroe daga Khartum a motar haya

Meroe tsohon birni ne na daular Kush da ke gabas da kogin Nilu a ƙasar Sudan, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum. Akwai gine-ginen dala kusan 200 a maƙabartunsa guda uku, kuma hukumar UNESCO ta saka wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya a 2011. Dalar na gefen babban titin Khartum zuwa Atbara, wanda motocin Port Sudan ke bi, don haka ana iya zuwa a motar haya. Abu biyu ne ke ba matafiya wuya: sunan wurin da kuma samun motar komowa.

Sunan da za a faɗa a tasha

Da Larabci, sunan wannan tsohon birni ɗaya ne da na garin Marawi da ke can arewa kusa da Karima, inda aka gina babbar madatsar ruwa. Duk wanda ya ce wa ɗan kamasho Marawi za shi, ana iya saka shi a motar wancan garin, mai nisan ɗaruruwan kilomita daga inda ya nufa. Sunan da direbobi suka sani shi ne Bajarawiyya, wato ƙauyen da ke kusa da dalar.

Tafiya

Motocin Shendi da Atbara na tashi ne daga Bahri, ɓangaren birnin da ke arewa da kogin Nilu Shuɗi. Hanya biyu ce. Ta farko, a shiga bas ɗin Atbara a gaya wa yaron mota tun kafin a tashi cewa a Bajarawiyya za a sauka. Galibi kuɗin Atbara cif ake biya. Ta biyu, a sauka Shendi, sannan a nemi ƙaramar motar Kabushiyya ko a ɗauki shata, domin sauran tafiyar ba ta wuce kilomita 50 ba.

Tafiyar na cin awa uku zuwa huɗu, gwargwadon jinkirin da aka samu a shingayen bincike. Yana da kyau a zauna ta hannun dama, don ta nan dalar ke bayyana a kan tudun rairayi. Daga bakin kwalta zuwa ƙofar shiga tafiyar ƙafa ce ta ƴan mintoci, kuma akan samu masu raƙuma da ke kai baƙi idan an yi ciniki.

Komowa

Babu tasha a wurin. Manyan bas da suka taso daga Atbara kan zo a cike, ba su cika tsayawa ba. Abin da aka saba yi shi ne a tsaya bakin titi a tare kowace irin mota, ko da a-kori-kura ce, zuwa Shendi, inda ake samun motar Khartum. Wanda ya bar Bahri da asuba zai iya gama zagayensa ya fito titi kafin la'asar. Wanda ya makara kuwa, gara ya kwana a Shendi da dare ya same shi a fili.

Abin da za a gani

An binne sarakunan Kush a nan tun daga wajen shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa wajen 350 bayan haihuwarsa. Dalar ba su kai na Masar girma ba, amma sun fi su tsini, kuma a gaban na sarakuna, ta gabas, akwai ɗan ɗakin ibada mai zane-zane a bango. Cikin masu kaburburan har da sarauniyoyi masu laƙabin Kandake.

Da yawa daga cikin dalar ba su da kai, kuma ba iska kaɗai ce ta cinye su ba. A 1834 wani ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini, ya rusa wasu yana neman dukiya. Ya samu kayan adon zinariya na Sarauniya Amanishakheto, waɗanda yanzu suke gidajen tarihi na Munich da Berlin a Jamus.

A ɗaya ɓangaren titin, wajen kogi, akwai kangon birnin kansa, da haikalin Amun da tsibin ragowar tamar da maƙeran Meroe suka narka. Mutanen birnin suna da rubutunsu mai haruffa 23. Masana na iya furta shi tun farkon ƙarni na 20, amma har yanzu ba su gama gane harshen ba.

Naƙa da Musawwarat, waɗanda UNESCO ta haɗa da Meroe a rajista ɗaya, suna cikin hamada nesa da kwalta. Motar haya ba ta zuwa can, sai an ɗauki shatar mota mai shiga yashi daga Shendi.

Guzuri da tsaro

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da bazara zafi kan haura digiri 40, ga shi babu inuwa. A riƙe ruwa isasshe, da abinci, da kuɗin Sudan a hannu, da katin shaida ko fasfo tare da kwafinsa.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya daɗe da toshe wannan hanya, musamman wajen matatar man Jaili. Sojoji sun karɓe matatar a Janairun 2025, sannan Khartum a watan Maris. Tashoshi da kuɗin mota da dokokin shinge sun sauya a tsawon wannan lokaci, don haka kafin a ɗaura niyya a tambayi direbobin da suka bi hanyar a makon, a kuma sanar da wani na gida lokacin da ake sa ran dawowa.