Tun Ran Gini, Ran Zane: Tarihin Siffa Marar Yoyo daga Tulu zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa sayen tulu a kasuwar Dutsi, ko a sauran kasuwannin shiyyar Daura, ya san jarrabawar da akan yi wa aikin magini. Mai saye yakan ƙwanƙwasa tulun ya saurari amonsa, in ya kai gida ya cika shi da ruwa. Idan akwai tsaga, komi ƙanƙantarta, ruwa zai fallasa ta. Shi kuwa magini da kaɗan-kaɗan yake ɗora yumɓu a kan yumɓu, kamar yadda mai ginin rumbu ke aza hawa bisa hawa. Wannan hanya ta gini da ƙari, maimakon sassaƙa da ragi, ita ce tushen na'urorin da ke ƙera kaya kai tsaye daga zanen kwamfuta, kuma sharaɗinsu shi ne na tulun: kada siffa ta yi yoyo.

Sharaɗin ya daɗe a ƙasar nan. A haƙar da Thurstan Shaw ya yi a Igbo-Ukwu cikin 1959 da 1960, an tono kayan tagulla da aka zuba wajen shekara dubu da suka wuce. Maƙerin yakan fara siffanta abin da kakin zuma ko danƙo, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sa'an nan ya zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Idan mazubin ya tsage, ƙarfe ya zurare, aiki ya ɓaci. Watau ba a samun abu sai da ɓawon da ya raba ciki da waje.

Zane da kwamfuta ya soma ne a wajejen 1960. A Faransa, Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na Renault sun fito da lissafin bayyana lanƙwasar jikin mota. A Amurka kuma, Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a 1963. Daga baya Hideo Kodama na birnin Nagoya a Japan ya wallafa bayanin gini hawa-hawa da ruwan roba mai daskarewa da haske a 1981. Charles Hull ya nemi rajistar irin wannan fasaha a 1984, ya samu a 1986, shekarar da aka kafa kamfanin 3D Systems. Sai wata matsala ta taso: manhajar zane tana riƙe siffa da lissafin lanƙwasa, na'ura kuwa abin da take bukata mai sauƙi ne, wanda za ta iya yankawa. Saboda haka a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fito da tsarin fayil mai suna STL.

A wannan tsari akan lulluɓe fatar siffa da ragar ƙananan alwatika. Ana rubuta kusurwoyi uku na kowace alwatika, da alamar fuskarta da ke kallon waje. Ƙa'idar raga marar yoyo ita ce kowane gefe ya zama na alwatika biyu daidai, ba ƙari ba ragi. Alal misali, akwati mai fuska 6 yana bukatar alwatika 12, da kusurwa 8, da gefe 18. Idan aka ɗebe 18 daga 8 da 12 a haɗe, saura 2, kamar yadda ƙa'idar Leonhard Euler ta ƙarni na 18 ta tanada ga rufaffiyar siffa marar rami. Dalilin tsanantawar shi ne, kafin gini wata manhaja takan yayyanka ragar hawa-hawa, galibi kaurin milimita 0.1 zuwa 0.3. Dole iyakar kowane hawa ta zagayo ta haɗe, in ba haka ba manhajar ba ta da tabbacin inda za a cike da inda za a bari.

To, daga ina yoyon ke fitowa? Mafi yawa daga wurin juya zane zuwa fayil. Manhaja takan saƙa ragar kowace fuska dabam, don haka a mahaɗar fuska biyu kusurwoyi kan saɓa da tazarar da ido ba ya gani. Daɗin daɗawa, STL yana ajiye kowace alwatika ita kaɗai, ba ya faɗin wadda ke maƙwabtaka da ita. Har ila yau ba ya ɗauke da ma'auni, shi ya sa abin da aka zana da inci idan aka karanta shi da milimita yakan ƙanƙance sau 25.4. Don toshe waɗannan kafofi aka fito da tsarin AMF a 2011, da kuma 3MF a 2015, waɗanda ke rubuta ma'auni, su jera kusurwoyi sau ɗaya alwatika su yi tarayya a kansu.

Tun da Adrian Bowyer ya fara shirin RepRap a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, rajistar fasahar narka zaren roba kuma ta ƙare a 2009, farashin na'urorin ya faɗi ƙwarai, har makarantar fasaha ko asibiti na iya mallakarsu. A nan darasin yake ga ma'aikacin da ke tsara kasafin sayayya. Na'ura ba ta gyara gurguwar siffa, manhajojin faci kuma sukan toshe rami ta hanyar da ke sauya girman abin. Kuɗin da aka kashe kan injin ba tare da horar da mai zane ba, asara ce ke jiran rana. Ɗalibi kuwa ya kamata ya saba da zana siffa a matsayin dunƙulallen jiki, ya zaɓi laushin raga daidai da bukata, ya tabbatar da ma'auni, ya kuma binciki gefunan da ba su da abokin haɗi kafin ya tura fayil. Maginan tukwane sun riga sun faɗi ƙa'idar: tun ran gini, ran zane.