Galton, Maƙerin Bindigar da Jama'arsa Suka Cire

Masu tara tsofaffin bindigogi sukan fara duba sunan maƙeri a jikin ƙarfe. Cikin sunayen akwai Galton na Birmingham a Ingila, gidan da ya yi ta ƙera bindigogin toka ana kawowa gaɓar tekun nan tamu, ana musanya da bayi.

To, Samuel Galton ɗan Quaker ne, Kiristocin da suka haramta yaƙi. A 1795 jama'arsa suka tuhume shi. Ya ce ai kowa da hannunsa a ciki, har mai biyan haraji. Mu 'yan kasuwa mun sha jin irin wannan amsa a bakin rumfa. Ba su karɓa ba, a 1796 suka cire shi. Bai daina zuwa wurin ibadarsu ba, bai kuma saki sana'ar ba sai 1804, lokacin da gidan ya buɗe banki.