Takwarori a fagage daban-daban: Sunaye uku na Arewacin Yobe da fitattun masu amsa su

A ƙasar Nguru da Gashuwa, inda Bade da Manga da Hausawa da Fulani suka daɗe suna cuɗanya, akwai sunayen da suka yi fice har amonsu ya kai ko'ina a Nijeriya. Uku daga cikinsu, wato Lawan da Kyari da Abubakar Suleiman, kowanne yana da fitattun masu amsa shi fiye da ɗaya, a siyasa da sarauta da aikin soja da banki da harkar fim. Kanun labari kuwa ba ya ɗaukar cikakken suna, shi ya sa mai karatu kan iya jingina wa wani yabon da ba nasa ba, ko ya ɗora masa laifin takwaransa. Ga bayanin waɗanda aka fi yawan ruɗewa a kansu.

Lawan

Sunan yana da tushe biyu a wannan yanki. A al'adar Hausawa, Lawan ko Lawal ko Auwal ya fito ne daga kalmar Larabci mai nufin na farko, ana kiran Muhammadu na fari da shi, sai Sani da Salisu da Rabi'u su biyo baya. A tsarin sarautar Borno kuwa, Lawan muƙami ne na dagaci, wanda ke sama da Bulama, kuma yakan bi zuriya ya zama sunan gida.

Ahmad Ibrahim Lawan, Sardaunan Bade, an haife shi a Gashuwa a 1959. Ya karanta ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Maiduguri, ya kuma yi digirin digirgir a Jami'ar Cranfield da ke Ingila. Ya wakilci Bade da Jakusko a Majalisar Wakilai daga 1999 zuwa 2007, sannan ya koma Majalisar Dattawa a kujerar Yobe ta Arewa, wadda ta ƙunshi Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru da Yusufari. Shi ne Shugaban Majalisar Dattawa daga Yunin 2019 zuwa Yunin 2023.

Farouk Lawan ɗan Jihar Kano ne, ya wakilci Bagwai da Shanono a Majalisar Wakilai tun daga 1999, ke nan sun yi shekara takwas a zaure ɗaya da Ahmad Lawan, kuma kowannensu ya taɓa shugabantar kwamitin ilimi. Farouk ne ya jagoranci binciken tallafin man fetur a 2012, kuma shi ne kotu ta samu da laifin karɓar dala 500,000 daga hannun attajiri Femi Otedola a 2021. Ya fito daga gidan gyaran hali na Kuje a Oktoban 2024. Wannan shari'a ba ta da alaƙa da Lawan na Gashuwa.

Maina Ma'aji Lawan ya mulki Jihar Borno daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993, jim kaɗan bayan an ciri Yobe daga cikinta a Agustan 1991. Daga 2007 zuwa 2015 ya wakilci Borno ta Arewa a Majalisar Dattawa, a daidai lokacin da takwaransa ke wakiltar Yobe ta Arewa. Haka aka sake yi a 2023, lokacin da Kaka Shehu Lawan, tsohon Kwamishinan Shari'a na Borno, ya shiga majalisar a kujerar Borno ta Tsakiya. Don haka faɗin "Sanata Lawan" kawai ba ya isa a gane wanda ake nufi.

Sai kuma Lawan Ahmad, wanda sunansa na sanatan ne aka juya. Jarumin Kannywood ne kuma mai shirya fim, wanda ya yi tashe a matsayin Umar Hashim cikin shirin nan mai dogon zango, Izzar So, da ake nunawa a tashar Bakori TV a YouTube.

Kyari

Kyari kalmar Kanuri ce mai nufin dattijo. Kamar Abba da Baba da Kaka, suna ne na alkunya da ake kiran yaron da ya ci sunan wani babba a gida, don kada a ambaci sunan kai tsaye. A Nguru, tsohuwar mazaunin Galadiman Borno, sunan yana cikin gidan sarauta, domin Sarkin Nguru shi ne Alhaji Mustapha Ibn Mai Kyari. A matakin ƙasa kuwa, mutum uku ne suka yi suna da Abba Kyari.

Na farko soja ne, Birgediya Abba Kyari, wanda ya yi Gwamnan Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967 zuwa 1975 a zamanin Janar Yakubu Gowon. Jihar ce ta koma Kaduna a 1976, aka kuma ciri Katsina daga cikinta a 1987. Ya rasu a Nuwamban 2018. Ɗansa ne Abubakar Kyari, wanda ya gaji kujerar Borno ta Arewa a 2015, aka kuma naɗa shi Ministan Noma a Agustan 2023.

Na biyu lauya ne kuma ma'aikacin banki, wanda ya taɓa shugabantar bankin UBA. Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi Shugaban Ma'aikatan Fadarsa a Agustan 2015, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a Legas ranar 17 ga Afrilu, 2020, sakamakon cutar korona.

Na uku ɗan sanda ne mai muƙamin Mataimakin Kwamishina, wanda ya jagoranci rundunar musamman ta IRT. An dakatar da shi a 2021 bayan hukumomin Amurka sun ambace shi a shari'ar Hushpuppi, sannan hukumar NDLEA ta gurfanar da shi a 2022 bisa tuhumar da ta shafi hodar iblis, tuhumar da ya musanta. A lokacin, sauran biyun sun riga sun rasu.

Mele Kyari, wanda ya shugabanci kamfanin mai na NNPC daga 2019 zuwa Afrilun 2025, shi ma mutum ne daban.

Abubakar Suleiman

Mai Bade, Alhaji Abubakar Umar Suleiman, ya hau gadon sarauta a Gashuwa a 2005. Umar Suleiman da ke cikin sunansa shi ne marigayi Mai Umar, wanda Kwalejin Ilimi ta Gashuwa ke ɗauke da sunansa. Idan aka cire sunan tsakiya, kamar yadda jaridu kan yi, Mai Martaba yakan tashi da takwarori uku.

Akwai Abubakar Suleiman wanda ya zama Manajan Daraktan bankin Sterling a Afrilun 2018. Akwai Farfesa Abubakar Olanrewaju Sulaiman, ɗan Jihar Kwara, Ministan Tsare-tsaren Ƙasa daga 2014 zuwa 2015, wanda aka naɗa shugaban cibiyar nazarin ayyukan majalisa da dimokuraɗiyya ta NILDS a 2019. Akwai kuma Abubakar Yakubu Suleiman na Ningi, wanda ya zama Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Bauchi a 2019.

Yadda ake rarrabewa

Maimaituwar tana da dalili: sunayen yanka na Musulunci ba su da yawa, kuma akasari sunan uba ne ke zama na biyu. Shi ya sa wasu ke ƙarawa da sunan gari. Ko hakan ba ya kashe ruɗani gaba ɗaya, domin Bashir Machina da ya kai ƙara kan tikitin APC na Yobe ta Arewa, har Kotun Ƙoli ta bai wa Ahmad Lawan nasara ranar 6 ga Fabrairu, 2023, shi ne Bashir Sheriff Machina, ba Sarkin Machina, Alhaji Bashir Albishir Bukar, ba.

Kafin a yaɗa labari ko hoto, abu huɗu ne ke warware zare da abawa: cikakken suna har da na tsakiya, muƙami, jiha ko mazaɓa, da shekarar da abin ya faru. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa, balle suna kawai.